Zafin Bazara a Kasuwar Singa: Ruwa, Inuwa, Hutu

Iyayenmu mata da ke tsakar gida, dattawa da ke gindin darbejiya, direbobi da ke kan hanya, da ku 'yan kasuwa da kuka jingina rediyo a jikin buhu, duk ina gaishe ku. Yaya zafi? Na san amsar da za ku ba ni. Lokacinsa ne. Haka ne kuwa, lokacinsa ne. Amma yau ina so mu ɗan wuce wannan amsar. Zafin nan yana kwantar da mutane. Yana kuma kashewa. Mu ne dai ba mu cika ɗora masa laifi ba idan ya yi ɓarna.

Maganata ta yau ba ta da wuyar riƙewa. A irin wannan lokaci jiki yana neman abu uku: ruwa, inuwa, da hutu. Sai dai wanda ya fi kowa buƙatarsu, sau da yawa ba shi ne ke da ikon ba wa kansa su ba. A nan gizo ke saƙar.

To, mu fara da Kasuwar Singa. Wanda ya san Kano ya san kasuwar nan da ke tsakanin Fagge da Sabon Gari. Nan ce matattarar sarin kayan masarufi. Sukari, shinkafa, fulawa, taliya, man girki, madara, gishiri, sabulu. Daga nan ake lodi zuwa Jigawa da Katsina, har Nijar da Chadi. Uwargida, shayin da kika haɗa wa yara da safe, da wuya a ce sukarinsa bai bi ta Singa ba.

Amma buhu ba ya tafiya da ƙafarsa. Wani ne ke ɗaukarsa. Ku zo mu tsaya a bayan wata tirela da misalin ƙarfe ɗaya na rana. An yaye tamfol. Mutum biyu suna sama suna ɗora wa na ƙasa. Buhun sukari kilo 50 ne. Ɗan dako ya gyara gammonsa, ya karɓa, ya kutsa lungu da sassarfa. Ga masu baro, ga 'yan adaidaita sahu, ga hayaƙin janareta. Ya shiga sito mai rufin kwano, ko taga babu. Ya taka tsibin buhuna har kansa ya kusa taɓa kwanon. Ya sauke, ya juyo. Ku dubi bayan rigarsa. Ta jiƙe ta bushe, ta sake jiƙewa, har wani farin zane ya fito mata. Gishirin jikinsa ne wannan. Kuma a kan buhu ake biyansa. In ya zauna, lissafinsa ya tsaya. Direba kuma yana gefe yana cewa, ku yi sauri mana, yau nake so in juya.

Yanzu bari mu leƙa abin da ke faruwa a cikin jikin mutumin nan.

Ɗumin jikin ɗan Adam digiri 37 ne. Ba ya son ya yi nisa da nan. Idan zafi ya taru masa, sai ya fitar da zufa. Amma ku lura, fitar zufa kaɗai ba ta sanyaya jiki. Bushewarta ce ke sanyayawa. Kun san randar ƙasa. Ruwa yana tsattsafowa ta jikinta, iska ta busar, sai na ciki ya yi sanyi. To jikinmu ma haka yake aiki.

A watan Maris da farkon Afrilu, zafin Kano busasshe ne. Yakan kai digiri 40, har ya wuce. Yana ƙuna, amma zufa tana bushewa nan take. Haɗarinsa shi ne ruwa yana fita daga jikinka ba ka sani ba. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu kuwa, sai iska ta juyo daga kudu, ɗauke da danshin teku. Hadari ya haɗo ya watse. Gari ya yi cik. Lokacin ne za ka ji ana cewa yau ko ganye ba ya motsi. Iska ta riga ta ƙoshi da ruwa, ba ta da wurin karɓar zufarka. Sai zufar ta yi ta kwarara a banza. Ruwa yana fita, gishiri yana fita, zafi kuma yana nan a ciki. Wannan jiƙaƙƙen zafin ya fi busasshen mugunta. Dare ma ba ya kawo sauƙi, domin siminti da kwano da kwalta sun wuni suna haɗiyar rana, da dare sai su amayar mana. Mutum ya kwana bai huce ba, ya tashi ya koma bakin tirela.

To, ta yaya za mu gane jiki ya fara gazawa? Ku kasa kunne a nan, domin wannan sashen zai iya ceton rai.

Galibi jiki ba ya faɗuwa sai ya yi gargaɗi. Da farko ƙishirwa da ciwon kai. Sai kasala. Sai jiri idan mutum ya miƙe. Naman ƙafa ko na ciki ya riƙa murɗewa. Zuciya ta riƙa tashi. Fitsari ya ragu, ya yi ja. Wanda ya ji haka ya ajiye buhu. Ya nemi inuwa, ya sassauta tufafi, ya jiƙa kansa da wuyansa, ya riƙa kurɓar ruwa a hankali. Idan bayan rabin awa bai dawo daidai ba, sai asibiti.

Akwai kuma matakin da ya wuce wannan. Shi ne wanda muke cewa rana ta buge mutum. Ɗumin jiki ya haura digiri 40, ya taɓa ƙwaƙwalwa. Babbar alamarsa ita ce ruɗewa. Mutum ya fara sambatu. Ya yi tangaɗi. Ya hau faɗa ba dalili. Ka kira sunansa ya dube ka kamar bai san ka ba. Wani ya yanke jiki ya faɗi, wani har da jijjiga. Ka taɓa jikinsa ka ji rau. Wani fatarsa a bushe take, wani kuma zufa na nan tana zuba, musamman mai aikin ƙarfi. Don haka kada zufa ta ruɗe ku.

A nan ne muke yawan kuskure, jama'a. Matashi ya fara sambatu a tsakiyar kasuwa, sai a ce ƙwaya ya sha. Ko a ce iska ce ta taɓa shi. A yi masa da'ira ana kallo, a tare masa 'yar iskar da ta rage. Wani ya kawo albasa. Wani ya nemi cusa masa cokali a baki. Wani ya ɗaga kansa ya ɗura masa ruwa ko madara. Duk wannan ɓata lokaci ne, wani ma ƙarasa shi ne. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa komai. Ruwan zai bi ta hanyar numfashi ya shaƙe shi.

Ga abin da ya kamata. A ɗauke shi zuwa inuwa. A buɗe masa wuri. A cire masa riga. A yi ta kwara masa ruwa mai sanyi a jiki ana yi masa fifita, ko da da yagaggen kwali ne. In akwai ƙanƙara, a sa masa a wuya, da hammata, da matsematsi. In ya suma, a kwantar da shi a kan gefensa. Ana wannan, wani ya tare mota. Asibitin Murtala ba shi da nisa da Singa. A ci gaba da jiƙa shi a hanya har a isa. Kada a ce sai an nemo maigidansa tukuna. Kada a tsaya neman maganin zazzaɓi, ba ya aiki a kan wannan. A sanyaya shi, a garzaya da shi. Addu'a kuwa a yi ta, ana yi ana zuba ruwa.

Na san wani zai ce, haba Malam, ai kaka da kakanni sun sha wannan rana ba su mutu ba. Bari in amsa wannan, domin magana ce da ake yawan faɗa.

Na farko, sun mutu. Ba a dai rubuta ba ne. Na biyu, ba irin zamanmu suka yi ba. Ɗakin ƙasa mai azara yana hana zafi shiga. Tsakar gida akwai bishiya. Gari kewaye yake da fili da kududdufai. Yau mun sare bishiyar mun kafa shago. Mun cike kududdufin mun yi bene. Na uku kuma, zafin kansa ya ƙaru. A ranar 3 ga Afrilun 2024, garin Kayes na ƙasar Mali ya ga digiri 48 da rabi. A kwana 4 na farkon watan, asibitin Gabriel Toure da ke Bamako ya ƙirga gawa sama da 100, kusan rabinsu sun haura shekara 60. Kuma ƙarshen azumi ne lokacin. Masana yanayi da suka bi diddigin lamarin sun ce ba don ɗumamar duniya ba, da zafin bai kai haka ba. Bayan wata biyu, a aikin Hajjin wannan shekarar, zafin Makka ya haura digiri 51. Hukumomin Saudiyya da kansu suka sanar da rasuwar alhazai sama da 1,300. Allah ya jiƙansu. Mutanen Mali ba baƙin rana ba ne. Kamar mu suke. Sabo da zafi bai hana shi kashe su ba.

Bari in karkata kaɗan zuwa wani abu da ke damuna ƙwarai. Shi ne abin da matasanmu ke sha don su jure aiki. Jiki ya yi tsami, sai a je wurin mai kemis ko mai tallan magani a sayi na ciwon jiki. A kora da lemon ƙara kuzari. Wani ya ɗora da gadagi. Wani ma har da tiramadol. Sai mutum ya ji garau, ya koma ƙarƙashin buhu. Gajiyar nan ba ta tafi ba, ɗan'uwa. Kashe muryarta ka yi. Kuma ƙodarka ce ke biyan bashin. Ƙoda tana aiki ne da ruwa. Idan jiki ya bushe, aka kuma ɗora mata irin waɗannan magungunan ciwon jiki kullum, sai ta fara lalacewa shiru, ba ciwo ba ƙara. A ƙasashen Amurka ta Tsakiya, irin su Nikaragua da El Salbado, dubban masu saran rake sun mutu da ciwon ƙoda, yawancinsu majiya ƙarfi. Bincike ya danganta abin da aikin wahala a cikin zafi. Da aka gwada ba su ruwa, da rumfa, da hutu a kan ƙa'ida, sai raunin ƙodar ya ragu. Can masu saran rake ne, nan masu dakon sukari. Jikin dai iri ɗaya ne. Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwansa wankin ƙoda ya san ba ciwon da talaka zai iya ɗauka ba ne.

Saboda haka, ɗan dako, mai baro, mai tura kura, ɗan ga-ruwa, kada ka jira ƙishirwa. Kafin ka ji ta, jiki ya riga ya ci bashi. In kana aikin ƙarfi a rana, ledar fiya-wata guda duk bayan kamar rabin awa ba ta yi yawa ba. Ka riƙa duba fitsarinka. In ya yi fari-fari, kana lafiya. In ya yi ja, ƙara ruwa. In zufa ta zuba da yawa, ka haɗa ruwan gishiri da sukari. Ledar ruwa biyu lita ɗaya ke nan. Ka zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Ko ka sayi na ƙulli a kemis. Abin mamaki, sukarin da gishirin su ne kake ɗauka a ka tun safe.

To, yanzu na zo kan waɗanda na fi so su ji ni. Ku iyayen gida, Alhazan Singa, masu shaguna da sito.

Faɗa wa ɗan dako ya huta abu ne mai sauƙi a bakin mai rediyo. Shi ya san abin da zai tarar a gida in ya koma hannu rabbana. Ba zai huta ba sai an ba shi dama. Ku ne kuke da wannan damar. Ku ne kuke cewa a sauke yanzu ko a bari sai an jima. Ruwa, inuwa da hutu, a hannunku suke.

Ba sabon abu nake kawowa ba. A Saudiyya, inda da yawanku kuke zuwa Umara, doka ta hana sa ma'aikaci aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, tun daga tsakiyar Yuni har tsakiyar Satumba. Dubai da Katar ma suna da irin wannan doka. Kasuwancinsu bai durƙushe ba. Mu dawo gida ma. Malamanmu sun karantar da mu cewa idan zafi ya tsananta, sunna ce a ɗan jinkirta sallar Azahar har rana ta sassauta. In an yi wa salla wannan rangwamen, ina ga buhun shinkafa?

Na san akwai uzuri. Tirela ba ta zuwa a kan lokaci. Hanya a cunkushe take. Baƙo ya zo daga Maraɗi ko Damagaram yana so ya kama hanya kafin duhu. Duk gaskiya ne. Amma ban yarda cewa babu abin da za a iya yi ba. Manyan lodi a yi su da sassafe, ko bayan La'asar. In dole sai an yi da tsakar rana, a ƙara hannu, a riƙa karɓa-karɓa. A kafa tamfol a bakin mota. A ajiye duro ko randa da ruwa mai tsabta a ƙofar sito, kowa ya sha ba sai ya roƙa ba. A huda wa sito hanyar iska a sama. Yaron da ya zo sabo daga ƙauye, ko wanda ya tashi daga jinya, kada a jefa shi cikin babban lodi ranar farko. Jiki yana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da aiki a zafi. Kuma wanda ya ce maka, Alhaji, jiri nake ji, kada ka ce masa rago. Kada gobe ka ƙi kiransa. In ya san faɗin gaskiya zai jawo masa rasa aiki, zai yi shiru har ya faɗi.

Mutanen Singa ba baƙin alheri ba ne. Kowa ya san abin da ke fita daga kasuwar nan na zakka da ciyarwa a watan azumi. To ga wata sadaka a bakin ƙofa. Buhun fiya-wata nawa yake a kan ribar tirela guda? Shugabannin kasuwa kuma, in kuka zauna kuka tsayar da magana ɗaya, babu wanda zai ji tsoron maƙwabcinsa zai riga shi sallamar mota. Abin da za a yi a Singa, za a iya yi a Kantin Kwari, da Sabon Gari, da Dawanau.

Hukuma ma tana da nata kason. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, takan fitar da gargaɗi idan zafi zai tsananta. Amma gargaɗin da ya tsaya a intanet cikin Turanci bai isa kunnen mai baro ba. A kawo mana shi da Hausa, mu karanta a rediyo, a kuma faɗa a lasifikar kasuwa. A samar da famfo. A dasa bishiya, wadda aka dasa kuma a bar ta ta girma.

Kafin lokaci ya ƙure mana, bari mu leƙa gida.

Uwargida, ke ma ɗakin girkinki wani sito ne. Kwano a sama, wuta a ƙasa. In da hali, ki yi girkin rana da wuri, ki fito da murhu inda iska ke ratsawa. Mai juna biyu da mai shayarwa su ƙara shan ruwa. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nono ya ishe shi, a dai ƙara yawan ba shi. Kada a naɗe shi da tawul da hula a wannan yanayi. Tsofaffi ba su cika jin ƙishirwa ba, sai an miƙa musu an tsaya sun sha. Masu sikila, rashin ruwa yana tayar musu da ciwo. Masu ciwon suga da hawan jini su kula sosai. Wanda kuma likita ya taƙaita masa ruwa saboda zuciya ko ƙoda, ya koma ya tambaye shi yadda zai yi. Mai ramuwar azumi ko nafila, in aikinsa na rana ne, ya tuntuɓi malami a kan sauƙin da addini ya yi masa.

Kada a bar yaro a cikin mota a rufe, ko na minti biyar. Motar da aka ajiye a ƙofar gida a kulle ta, kada yara su shiga wasa. Kada a shigar da janareta cikin ɗaki ko soro don a kunna fanka, hayaƙinsa yana kisa cikin barci. In za a kwana a tsakar gida, a ɗaura gidan sauro. A rage cunkoso a ɗakin kwana, a buɗe taga, domin lokacin sanƙarau ne. Mu a Kano ba mu manta da annobar 1996 ba. Zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, wannan na asibiti ne nan take. Ƙanƙara da zoɓo da kunun aya kuma, a san ruwan da aka yi su da shi, kada a guje wa zafi a faɗa wa amai da gudawa. Almajirin da ya yi sallama da tsakar rana, kafin a duba ko akwai saura a tukunya, a fara miƙa masa ruwa.

Masu sauraro, ga roƙona. Alhaji, gobe in Allah ya kai mu, kafin a yaye tamfol, ka tabbata akwai ruwa a ƙofar sitonka, akwai inuwa, kuma ka faɗa wa yaranka da bakinka cewa wanda ya ji jiri ya zauna, kuɗinsa na nan. Kai kuma ɗan'uwana ɗan dako, ka riƙa duba abokin aikinka. In ka ga yana tangaɗi ko maganarsa ta sauya, ka sauke masa buhun, ka kira jama'a, ku sanyaya shi ku kai shi asibiti. Wanda ya ji wannan sharhi ya isar wa wanda bai ji ba.

Allah ya ba mu lafiya, ya kawo mana damina mai albarka. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba.